Kujeru Tara: Yadda Na Zaɓi Darussana a Ofishin Malamin Shawara

A zango na uku na aji uku na ƙaramar sakandare, a shekarar 2012, aka raba mana wata takarda mai shafi ɗaya, aka ce kowa ya kai gida a cike ya dawo da ita ranar Litinin. Gurbi uku ne a jikinta: ajin kimiyya, ajin adabi da zamantakewa wanda muke kira ajin at, da kuma ajin kasuwanci. Ba a yi mana dogon bayani ba, mu ma ba mu nema ba, domin a ganinmu amsar a fili take: mai ƙoƙari ya tafi kimiyya, wanda lissafi ya kayar ya tafi at, na tsakiya kuma a tura shi kasuwanci. Shekarata 15 a lokacin, kuma ban san cewa wannan 'yar takarda ce za ta yanke abin da zan iya nema a jami'a bayan shekara uku ba.

Mahaifina ɗan kasuwa ne, yadi yake sayarwa, kuma bai yi boko mai nisa ba, amma ya san darajar makarantun kimiyya na Dawakin Kudu da Dawakin Tofa, waɗanda aka buɗe a 1977 suka fitar da likitoci da injiniyoyi masu yawa a ƙasar Kano. A idonsa, kimiyya da likitanci abu ɗaya ne. Ya taɓa jinyar kakata na tsawon watanni, ya ga yadda ake wuni ana jiran likita ɗaya, tun daga nan ya ƙudurta a ransa cewa sai gidanmu ya fitar da likita. Da na miƙa masa takardar bayan sallar isha'i, sai ya sa na karanta masa, ya nuna gurbin farko da yatsa, ya ce, "Nan za a sa. Likita za a yi, in Allah ya yarda." Ni ne ɗan fari, ba ya ambaton sunana, ba kuma mu saba doguwar hira da shi ba, saboda haka na ce to, na ninke takardar na sa a aljihu.

Da na mayar da ita ranar Litinin, sai aka ce ba malamin aji za mu ba ba, malamin shawara ne zai karɓa, kuma ya ce ba zai karɓi ta kowa ba sai ya zauna da mai ita. Wannan ya ba mu mamaki, domin ofishinsa, wani ɗan ɗaki ne a gefen ɗakin ajiye littattafai, mun ɗauke shi wurin da ake kai masu tsallake katanga da masu faɗa a aji. Sai daga baya na fahimci cewa aikin nasa ya fi haka faɗi, kuma yana da asali a tsarin ilimin ƙasar nan. Manufar ilimi ta ƙasa ta 1977, wadda ta kawo tsarin shekara shida a firamare, uku a ƙaramar sakandare, uku a babbar sakandare, huɗu a jami'a, ta tanadi a sa masu jagoranci da ba da shawara a makarantu, saboda a ƙarshen ƙaramar sakandare ne ake raba hanya. Kafin nan ma, tun a 1959 wasu mata masu hidimar cocin Katolika a wata makarantar 'yan mata da ke Oke-Ado a Ibadan suka gayyato ma'aikata daga fannoni daban-daban su yi wa ɗalibansu masu fita bayanin ayyuka, kuma daga wannan taron ake lissafa farkon harkar a Najeriya. Mu dai a makarantarmu mutum ɗaya ne, yana kuma koyar da darasi a ajujuwa kamar kowane malami, sai a lokacin tara da bayan tashi yake samun sararin ganinmu.

Zamanmu na farko bai wuce minti ashirin ba. Na tarar ya ɗauko fayil ɗina, ya jera sakamakon zango takwas a kan tebur, ya danne su da abin goge allo saboda iskar taga. Bai duba na nawa na zo a aji ba, wanda shi ne abin da kowa ke tambaya a gida, sai ya bi kowane darasi da bayan biro, daga aji ɗaya zuwa aji uku. Lissafi yana hawa kowane zango. Darasin fasahar ƙere-ƙere, musamman zangon da aka yi zane da rula da kamfas, shi ne mafi yawan makina. Kimiyyar haɗaka kuwa hawa take da sauka. A nan ya tsaya, ya ce, "Samari, wannan zangon da ka faɗi, me aka koyar?" Na tuna, na ce sassan jikin mutum ne da yadda jini ke zagayawa. Ya nuna wanda na tashi, na ce awo ne da ƙarfi da motsi. Ya rubuta wani abu a littafinsa, bai ce komai a kai ba.

Sai ya yi mini tambayar da babu wanda ya taɓa yi mini, ya ce, "Idan babu wanda ya aike ka, babu wanda ya sa ka karatu, me hannunka yake yi?" Na yi shiru saboda kunya, domin abin da nake yi ban ɗauke shi a bakin komai ba. A bayan littafina na lissafi akwai zanen unguwarmu da na yi da fensir, da lungunanta da kwatocinta da rijiyar bakin masallaci, kuma a gefen kowane lungu na rubuta yawan takun da na ƙirga da ƙafata. Daga ƙofar gidanmu zuwa masallaci taku 214 ne, na auna sau uku don na tabbatar. Ya karɓi littafin, ya juya shi ta wannan gefe, ya juya ta wancan, ya daɗe yana kallo, sa'an nan ya tambaye ni ina gabas take a zanen. Na nuna masa ta inda alƙiblar masallacin ta fuskanta. Ya mayar mini da littafin, ya ce na dawo ranar Alhamis, kuma kada na goge zanen.

Ranar Alhamis ya tara mu mu goma sha biyu, ya ba kowa takardar tambayoyi a kan abin da ransa ya fi karkata gare shi. Kowane layi yana ɗauke da wani aiki, kamar gyaran inji, ko jinyar maras lafiya, ko rubuta labari, ko riƙe littafin kuɗi, ko shugabantar taro, mutum ya nuna ko yana so ƙwarai, ko yana so kaɗan, ko ba ya so. Ya bayyana mana cewa irin waɗannan tambayoyi sun samo tushe daga aikin masana irin su John Holland na Amurka, wanda ya kasa sha'awar mutane game da aiki gida shida: masu son aikin hannu da na'ura, masu son bincike, masu son ƙirƙira da zane, masu son taimakon jama'a, masu son jagoranci da ciniki, da masu son tsari da lissafin takardu. Ya kuma ja mana kunne da wata magana da na riƙe, cewa wannan takarda ba duba ba ce, ba ta san gobe ba, abin da ka faɗa mata kawai take maimaita maka a tsare. Tawa ta nuna aikin hannu da bincike a sama, jinya da hidimar marasa lafiya kuwa can ƙasa. Gaskiya ta faɗa, domin ko ranar layya nakan kau da kai idan aka zo yanka, amma ban taɓa haɗa wannan da maganar likitanci ba.

Zama na uku shi ne ya fi tasiri a kaina, kuma a kansa nake so na daɗe. Malam ya ɗauko littafin bayanin kwasa-kwasai na JAMB, hukumar da ke shirya jarrabawar shiga jami'a, wani ƙaton littafi da bangonsa ya tsufa, ya ce yau daga ƙarshe za mu faro. Maimakon a ce wane aji kake so, sai a ce wane aiki kake hange, wane kwas ne ke kai mutum gare shi, waɗanne darussa huɗu ake rubutawa a jarrabawar shiga jami'a domin wannan kwas, waɗanne biyar ake so ka ci da kiredit a jarrabawar fita ta WAEC ko NECO, sa'an nan a dawo kan abin da za ka zauna ka koya a aji ɗaya na babbar sakandare. Ya buɗe shafin likitanci ya sa na karanta da kaina: Turanci, bayoloji, kemistiri da fizis. Ya buɗe na injiniya: Turanci, lissafi, fizis da kemistiri. Ya buɗe na lauya, na ga ana neman adabin Turanci. Ya buɗe na akanta, na ga lissafi da tattalin arziki. Nan na gane cewa kowane kwas yana da makullinsa, kuma makullan duka a aji ɗaya ake rarraba su, ba a aji uku ba.

Daga nan ya zana layi tara a kan takarda, ya ce waɗannan kujeru ne, domin ba a yarda ɗalibi ya rubuta fiye da darasi tara a jarrabawar fita ba. A manhajar wancan lokacin, wadda aka fara aiki da ita a 2011, kujera huɗu an riga an zaunar da masu su: Turanci, lissafi, ilimin zama ɗan ƙasa, da darasin sana'a guda ɗaya. Saura biyar. Idan ka shiga kimiyya, fizis da kemistiri da bayoloji sun ɗauke uku. Saura biyu kenan, kuma a kan waɗannan biyun ne yawancin ɗalibai ke yin sakaci, su bi abokai, ko su bi darasin da aka ce malaminsa ba ya duka, ko wanda aka ce yana da sauƙin ci. Ya ce mini, "Ajin da Baba ya zaɓa maka bai saɓa da kai ba. Inda za mu yi aiki shi ne abin da za ka zaunar a kujerun da suka rage, da kuma inda kake fuskanta idan ka shiga."

Ya sake buɗe littafin zuwa sashen nazarin muhalli, ya nuna mini sunayen kwasa-kwasan da ban taɓa ji ba: zanen gine-gine, tsara birane, ƙididdigar kayan gini, da awon ƙasa da taswira. Ya ce abin da nake yi a bayan littafina da takun ƙafa, akwai masu yin sa da na'ura, ana kiran su safiyo, kuma karatu ne na shekara biyar a jami'a, akwai shi a Jami'ar Ahmadu Bello ta Zariya da Jami'ar Fasaha ta Tarayya da ke Minna, akwai kuma tsohuwar makarantar awon ƙasa ta tarayya a garin Oyo. Ni a sanina safiyo shi ne mutumin da ake kira idan za a yanka fuloti, ban taɓa tunanin ilimi ne mai zurfi ba. Ya ba ni shawarar na ɗauki labarin ƙasa a kujera ta takwas, na zaɓi sarrafa bayanai da kwamfuta a matsayin darasin sana'a, kujera ta tara kuma ya bar mini, na sa ilimin addinin Musulunci. Bayoloji kuwa ya ce kada na kuskura na ajiye shi, domin shekara 15 ta yi kaɗan mutum ya rufe wa kansa ƙofa da hannunsa, kuma burin mahaifi ba abin jefarwa ba ne.

Bai tsaya a littafi ba. Gani ya kori ji, in ji shi, saboda haka ya haɗa ni da wani tsohon ɗalibinsa mai aikin awo, na bi shi ranar Asabar zuwa wani fili a bayan gari inda ake fitar da filaye. Na ga ya kafa na'ura mai ƙafa uku, ya yi ta murza ƙananan ƙusoshinta har wani ɗigon iska da ke cikin gilashi ya tsaya daidai tsakiyar da'ira, kuma bai fara komai ba sai da ɗigon ya tsaya. Ya ba ni sanda mai madubi a kai, ya ce na je na tsaya a kan wani turken siminti da aka binne a ƙasa mai lamba a jikinsa, na riƙe ta a miƙe kada ta karkata. Cikin ƙiftawar ido na'urar ta ba shi nisan da ni zan wuni ina ƙirgawa da ƙafa. Ya nuna mini yadda kusurwa da nisa ke zama lambobi, lambobin kuma su zama zane, ya ce duk lissafin kusurwoyin da za a koya mini a aji biyu, a nan ake cin abincinsa. Bai ɓoye mini wahalar aikin ba: rana, ƙaya, tafiyar ƙafa, da rigimar iyaka wadda wani lokaci takan kai ga kotu. Na koma gida da ƙura har gira, amma na kwana ina lissafin yadda na'urar ta san nisan.

Abin da ya rage shi ne mahaifina, kuma nan ne na fi jin tsoro. Malam bai aike ni da saƙo ba, ya san ba zan iya isar da shi ba. Ya rubuta takardar gayyata, Baba ya rufe rumfa ya zo da safe, suka gaisa gaisuwa mai tsawo, ni kuma na durƙusa daga bakin ƙofa. Malam bai fara da cewa yaron ba zai iya likita ba, da ya fara da haka da an tashi baram-baram. Sai ya ce, "Alhaji, zaɓin da ka yi masa na kimiyya daidai ne, kuma mun bar masa duk darussan da likitanci ke bukata. Sai dai akwai abin da na gani, ina so kai ma ka gani." Ya shimfiɗa sakamakon zango takwas, ya bi da shi layi-layi, sa'an nan ya ce na kawo littafin lissafina. Baba ya riƙe zanen unguwarmu, ya gane lungunmu, ya gane gidan maƙwabcinmu, ya ɗago ya ce, "Malam, yaron nan ne ya yi wannan?" Malam ya ce shi ne. Baba ya yi shiru na ɗan lokaci, sa'an nan ya tambayi abin da kowane uba zai tambaya, wato ko ana cin abinci da wannan aiki. Malam ya amsa masa da cewa babu titi ko madatsar ruwa ko takardar mallakar fili da ake yi ba tare da safiyo ya fara sa ƙafa ba, amma bai yi masa alkawarin arziki ba. Suka tsaya a kan cewa zan yi aji ɗaya da aji biyu da darussan duka, a ƙarshen aji biyu a sake zama a duba.

An sake zaman kuwa. Zuwa lokacin sakamakon ya yi magana da kansa: lissafi da fizis da labarin ƙasa suna gaba, bayoloji ina cin sa da ƙyar da haddar dare. A darasin labarin ƙasa, sashen karatun taswira, inda ake ba mu taswira mai layukan tudu da kwari a ce mu fitar da gangaren ƙasa, shi ne wurin da nake jin kamar an sake ni. Baba da kansa ya ce a bar yaron ya bi abin da Allah ya hore masa. Ba zan ce ya daina son likita ba, domin ya mayar da burin kan ƙanwata, wadda ita kuwa bayoloji kamar ruwa take shan sa.

Abin da har yau yake damuna shi ne wani abokina da muka taso tare, wanda ke wata makarantar da ba ta da malamin shawara. Tun muna yara yake cewa lauya zai zama, kuma yana da baki da ƙwaƙwalwar da za su kai shi. Ya shiga ajin at, amma ya ajiye adabin Turanci tun a aji ɗaya saboda an ce littattafan suna da yawa, babu kuma wanda ya buɗe masa shafin da Malam ya buɗe mini. Sai ranar da muka je cike fom ɗin JAMB ya ji cewa ba a ba da gurbin lauya sai da shi. Na ga yadda ya tsaya a gaban mai kwamfuta yana maimaita tambayar, ko za a ba shi wata amsa dabam. Ya yi asarar shekara guda yana koyon adabin a waje kafin ya sake zama jarrabawa. Ba rashin ƙoƙari ne ya jawo masa ba, bayanin minti biyar ne bai same shi a kan kari ba, kuma tun ran gini ake zane. Wannan ne ya sa nake ganin kuskure ne babba a riƙa kiran masu ba da shawara sai ɗalibai sun kai aji uku na babbar sakandare, a yi musu taron yini ɗaya a watse, alhali kujerun tara sun riga sun cika tun shekara biyu da suka wuce. Haka kuma ba daidai ba ne a ɗora wa mutum ɗaya ɗaruruwan ɗalibai tare da cikakken jadawalin koyarwa, domin ko a makarantarmu akwai waɗanda Malam bai samu zama da su fiye da sau ɗaya ba.

Na rubuta jarrabawar shiga jami'a a 2015, shekarar da JAMB ta mayar da ita gaba ɗaya kan kwamfuta, kuma darasin sarrafa bayanai da na ɗauka ya sa hannuna bai yi rawa a kan linzamin kwamfuta ba, kamar yadda na wasu da ke kusa da ni ya yi. Kafin na cike fom na koma wurin Malam karo na ƙarshe, ya ce na rubuta Turanci da lissafi da fizis da kemistiri, domin wannan haɗin ya fi karɓuwa a jami'o'i da yawa, kuma idan awon ƙasa bai samu ba zai buɗe mini ƙofar injiniya. Na samu gurbin awon ƙasa da taswira.

A hutun shekarata ta uku a jami'a, wata takaddama ta taso tsakanin danginmu da maƙwabtan gona a ƙauye, a kan iyakar gonar gado wadda ruwan damina ya share alamarta. Baba ya ce na shirya mu tafi. Na ari na'ura a wurin mutumin nan da na fara bi ranar Asabar, muka isa da hantsi, dattawan ɓangarorin biyu suna zaune a ƙarƙashin wata tsamiya da kowa ya yarda tun kakanni ita ce kusurwar gabas. Na kafa ƙafafun na'urar, na murza ƙusoshin har ɗigon ya tsaya a tsakiya, sa'an nan na waiga ina neman yaron da zai riƙe mini sanda. Baba ya naɗe hannun rigarsa, ya karɓi sandar, ya taka cikin kunyoyin gero har bakin tsamiyar, ya tsaya, ya ɗaga murya ya ce, "Nan ne, ko na matsa?"